GUDUN RATSA DAJI A ƘASAR DA DAJI YA GAGARA SHIGA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da kuma 'yan uwanmu na Shinkafi da Zurmi da sabis ke yi wa wasan ɓuya.

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarauta ko na siyasa ba. Tarihin gudu ne. Gudun nan na makaranta da iyayenmu ke kira kuros-kantiri, wanda ake sakin ɗalibai da sassafe su ratsa gonaki da fadama da tudu su dawo. Na san wani zai ce, ana fama da abin da ya fi wannan, kai kana zancen tsere? Ka yi haƙuri ka bi ni, za ka ga inda zancen ya haɗu da abin da ake fama da shi.

Mu fara da ƙafa. Ƙasar nan tamu da ƙafa aka gina ta. Sunan Kaura Namoda kansa sunan mayaƙi ne, Namoda, jagoran Alibawa, wanda ya taka rawa a yaƙin da aka ci Alkalawa a 1808. In ana ba da labarin yaƙe-yaƙen wancan zamani dawaki ake ambato, amma mafi yawan rundunar dakaru ne da 'yan baka, a ƙasa suke tafe, kwana da kwanaki. Ga fatake masu bin jakuna. Ga mafarauta. Ga zagi, wanda aikinsa ke nan ya kasance gaban dokin sarki, in doki ya yi sauri shi ma ya ƙara. Ko Narambaɗa, mutumin Tubali a ƙasar Shinkafi, da ya yi wa Dokin Iska Ɗanfilinge waƙa, kowa dokin yake tunawa. Ni kuwa nakan ce a raina, shin bayin Allah da ke bin irin waɗannan dawaki da ƙafa fa, wa ya auna numfashinsu? Turawa ma da suka zo, kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929 ta Zariya da Funtuwa da Gusau, mutane ne ke ɗaukar wasiƙunsu a ka daga gari zuwa gari.

Sai dai a al'adarmu gudu aiki ne, ba wasa ba. Wasanninmu su ne kokawa da dambe da langa da sukuwa, kuma su ke da makaɗa da kirari. Babban mutum ba ya gudu a bainar jama'a. In ka ga magidanci ya sheƙa, to ko dai wani abu ya koro shi, ko shi ya biyo wani abu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gudu a matsayin gasa, makarantar boko ce ta kawo shi. A Ingila ya samo asali, a makarantun kwana na ƙarni na 19, inda yara biyu za su yi gaba suna watsa guntayen takarda a matsayin zomaye, sauran su bi sawu a matsayin karnukan farauta. Malaman da Turawa suka turo Arewa da irin wannan tarbiyya suka zo. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai, can Sardauna ya ƙware a wasan fayis, kuma ɗalibanta su ne suka bazu suka zama malamai a makarantun Midil na larduna, har da ta Sakkwato. Daga nan al'adar ta gangaro: a raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launinsa, a yi gasar shekara, a buɗe ta da gudun ratsa daji. Lokacin da makarantu suka yawaita bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shekarar da aka kafa tsohuwar Jihar Sakkwato, gudun ya zama abin da kusan duk wanda ya yi makarantar kwana zai ba ka labarinsa. Tambayi duk wani kawunka da ya yi sakandare a shekarun 1980. Zai ce maka an tashe su da bulala kafin gari ya waye, sun bi ta gonar dawa, an buga musu hatimi a hannu a wurin juyawa don kada wani ya yanke hanya. Kuma zai rantse maka shi ya zo na uku. Duk wanda na tambaya na uku ya zo, ban taɓa gamuwa da na ƙarshe ba.

Abin ya fara sanyi tun kafin 'yan bindiga, kada mu ɗora musu duka. Makarantun kwana suka ragu, na jeka-ka-dawo suka yawaita, filayen wasa aka yi ta yankawa ana gini, ƙwallon Turai ta cinye hankalin matasa. An ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, muka samu abubuwa da dama, amma gudu bai samu mai riƙe shi ba. A ƙasa baki ɗaya ma haka abin yake. Abbas Mohammed ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 a 1990, aka shekara fiye da 30 ana ambaton wannan lokaci a matsayin bajintar Najeriya. Gasar Legas da aka fara a 2016 kuwa, 'yan Kenya da Habasha ke zuwa su kwashe manyan kyaututtuka, namu 'yan Filato su yi ta fafutuka a baya.

To su 'yan Kenya da Habasha me suka fi mu? Tsauni, gaskiya ne. Garin Iten na Kenya yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, Bekoji na Habasha ya ma fi haka, iskarsu ba ta da kauri, jininsu ya saba. Mu nan a kwance muke, ga zafi. Shi ya sa ban taɓa yi wa yaro alƙawarin Olamfik ba. Amma ku dubi ɗaya ɓangaren. A 1976 wani malami ɗan ƙasar Ayilan, Colm O'Connell, ya je makarantar sakandaren St. Patrick da ke Iten don koyar da labarin ƙasa. Bai san komai a kan horar da 'yan tsere ba. Ya zauna, ya koya, bai tafi ba. Daga hannunsa David Rudisha ya fito, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012. A Bekoji kuma malamin motsa jiki ne, Sentayehu Eshetu, ya raini Derartu Tulu, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinare a Olamfik, a 1992, daga baya ga Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Duka biyun a makaranta abin ya tsiro, a hannun malami guda da ya ƙi gajiya. Tsaunin ya daɗe a wurin kafin su zo, bai taɓa ci wa kowa lamba shi kaɗai ba.

Mu ma muna da irin wannan malami a nan Kaura, ba zan faɗi sunansa ba don bai ba ni izini ba. Tsohon malamin wasanni ne da ya yi ritaya, har yau usur ɗinsa na rataye a ɗaki. A ƙarshen 2019, bayan na gama jami'a, na same shi na ce, Baba, ina so mu tayar da gudun nan a wata makarantar jeka-ka-dawo. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gudu ba wuya garai ba. Dajin da za a yi shi, shi ab babu." Ya yi gaskiya. A watan Mayun wannan shekarar ne aka kai hari makarantar 'yan mata ta Moriki a ƙasar Zurmi. Hanyoyin da shi ya bi da ɗalibansa a da, wajen gari, ta bakin gulbin Gagare zuwa ƙauyuka, babu uban da zai yarda ɗansa ya taka su da asuba. Duk da haka muka fara, da yara 23, mafi yawansu da silifas, wasu ƙafa ba takalmi. In sun yi ƙorafi Baba yakan tuna musu cewa Abebe Bikila ba takalmi ya ci zinare a birnin Rum a 1960. Su kuma su ce ai Rum babu ƙaya.

Wata huɗu muka yi, korona ta zo, aka rufe makarantu a Maris 2020. Aka buɗe a ƙarshen shekara muka sake tattaruwa. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar gaba ɗaya, aka katse layukan waya, aka tsayar da kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi. Wannan karon ko kiran yaro ba ka iya yi ka ji lafiyarsa. Da aka fara buɗe makarantu a 2022, yara 7 suka dawo mana. Wasu sun gama, wasu sun tafi Legas da Abuja neman kuɗi, wani yana tura baro a kasuwa don mahaifinsa ya sayar da gona ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa. Wanda ya fi kowa numfashi a cikinsu, wanda Baba ke cewa bai ga irinsa ba tun shekarun 1980, yana haƙar zinare. Na je har gida sau uku. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, gudu na ba da tuwo?" Na ce, a'a Inna, ba ya bayarwa yanzu. Ta ce to a bar shi. Muka bar shi.

Na ce ku riƙe maganar cewa babba ba ya gudu sai da dalili. Ranar da muka fara fita cikin gari, tunda daji ya haramta, yara suka shiga wata unguwa a guje bayan sallar asuba. Kafin ka ce kwabo mata sun fara jan yara cikin ɗaka, mai shayi ya bar tukunyarsa, wani dattijo ya tare mu jikinsa na rawa yana cewa, "Mi yaf faru? Sun shigo?" Ba wanda ya yi dariya. A garin da ya cika da 'yan gudun hijira, ƙarar ƙafafu da asuba ma'anarta ɗaya ce. Sai da muka bi masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, muka roƙi limamai suka yi sanarwa a masallaci, muka ɗinka wa yara riguna masu launi ɗaya, muka sa mai keke a gaba yana busa usur. Yanzu in mun wuce, tsofaffin nan har kirari suke yi wa na baya.

Hanyarmu ta yau duk cikin gari take. Mukan zagaya filin makaranta, mu bi gefen tsohon layin dogo inda jirgi ya daina zuwa, mu dawo ta rairayi don ƙafa ta yi ƙarfi. Ba ma fita sai gari ya yi haske, ba ma wuce gidajen ƙarshe, kuma duk ranar da aka kwana da jita-jita babu fita, ko da gasa ta matso. A gasar duniya samari 'yan ƙasa da shekara 20 kilomita 8 suke yi, 'yan mata 6. Mu a zagaye muke haɗa namu 8 ɗin, kamar ingarman da aka ɗaure a turke. Da azumi mukan koma tafiya da miƙe jiki kawai, bayan la'asar. 'Yan mata kuwa, wata malama ce ke fita da su a cikin harabar makaranta, da hijabinsu da dogon wando, ƙofa a rufe, kuma sai da kowane uba ya sa hannu. Su 5 ne. Akwai masu ganin ko hakan bai dace ba, ni kuma ina ganin yarinyar da ta taso a ƙasar nan ta fi kowa buƙatar ƙafa mai ƙarfi.

Wani abu da ban zata ba shi ne, yaran da suka fi naci yanzu 'ya'yan 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Akwai ɗaya, shekararsa 15, da ya shafe mako biyu yana tsayawa a bakin fili yana kallo. Da Baba ya ce ya shigo, sai ya ce shi ya yi gudun da ya ishe shi. Daren da aka tashi ƙauyensu, da ƙanwarsa a kafaɗa ya kwana yana gudu. Baba bai matsa masa ba, ya miƙa masa agogo ya ce ya riƙa duba wa sauran lokaci. Wata guda yana riƙe da agogo. Ran nan sai ya miƙo mini shi ya shiga layi. Abin da ya hana shi ci gaba da farko shi ne waiwaye, duk taku goma sai ya juya. Baba ya riƙa bin gefensa da keke yana cewa, ba kowa bayanka sai abokanka. A gasar gidaje ta bara shi ya zo na biyu.

Yanzu muna da yara 16, da takalman kambas ƙafa 9 da ake karɓa-karɓa. Burinmu na bana mu haɗa gasa ɗaya tsakanin makarantun Kaura da Zurmi da Shinkafi, ko da a fili ɗaya za a yi ta zagaye. Abin da ya tsaya mana shi ne hanya: wa zai ɗauki alhakin sa yara a mota daga Shinkafi ta Moriki zuwa Kaura? Ni dai ban iya ba tukuna, kuma ba zan roƙi wani uba ya yarda da abin da ni ban natsu da shi ba. In hanya ba ta yi ba, kowane gari zai yi nasa a rana ɗaya, a auna fili daidai, a turo lokuta ta waya in akwai sabis.

Sannan ina da roƙo ga iyayenmu da suka yi wannan gudu a makarantun Kaura, Zurmi, Shinkafi ko Moriki a shekarun 1970 da 1980. Ku rubuto mana a ƙasan wannan rubutu: daga ina kuke tashi, ta wane ƙauye kuke bi, a ina ake buga hatimi, wane gida ke cin kofi. Baba ya zana mana hanyoyi uku daga ƙwaƙwalwarsa a bayan wata tsohuwar kalanda, biyu daga cikinsu sun ratsa ƙauyukan da yau babu kowa a ciki. Muna so mu haɗa sauran mu ajiye. Mai tsohon hoto ya ɗauka da waya ya turo, ko da ya dushe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.