Bunkum: Tarihin Wata Kalmar Shirme a Turanci

Bunkum, wadda ake taƙaitawa a ce bunk, kalma ce da masu magana da Ingilishi ke jefa wa zancen banza, musamman na ɗan siyasar da ke zuba surutu don a san yana nan. Asalinta sunan wuri ne, wato gundumar Buncombe da ke yammacin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, mai hedkwata a Asheville. Gundumar ta ci sunan Edward Buncombe, wani kanar a yaƙin neman 'yancin Amurka.

A watan Fabrairun 1820 Majalisar Wakilan Amurka na tsaka da muhawara kan Missouri: a shigar da ita tarayya a matsayin jihar da ta halatta bauta, ko a gindaya mata sharaɗin hanawa? An kwashe makonni ana kai ruwa rana, kowa ya ƙosa a kaɗa ƙuri'a. Ana cikin haka sai Felix Walker, dattijon da ke wakiltar yankin da Buncombe take, ya miƙe zai yi jawabi. Abokan aikinsa suka yi ca a kansa ya zauna, ya ƙi. Yadda ake ba da labarin, cewa ya yi mutanen mazaɓarsa na jiran su ji ya ce wani abu, saboda haka Buncombe yake yi wa magana. Ba shi kaɗai ke irin wannan ba a zauren, shi dai ne ya faɗa da bakinsa, kuma a lokacin da ake muhawarar makomar bayi.

Nan da nan "yi wa Buncombe magana" ta zama abin zolaya a Washington. Da tafiya ta yi tafiya rubutun ya koma bunkum, ma'anar ta wuce jawabin neman ƙuri'a ta haɗa kowane irin shirme, kalmar ta ƙetare teku har Ingila.

Gajeriyar siffar ta yi tashe a 1916, lokacin da Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya shaida wa jaridar Chicago Tribune cewa tarihi kusan duk bunk ne. A 1923 marubuci William Woodward ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Bunk, inda ya ƙirƙiro aikatau debunk, wato tona asirin zancen ƙarya. Da ita 'yan jarida masu bin diddigin labaran bogi ke aiki a yau.