Daga Zauren Kusada Zuwa Ƙairawan

Kamfanonin yawon buɗe ido na Tunisiya suna tallar bakin teku da otal-otal na tsibirin Jerba ne domin Turawa masu gudun sanyi, musamman tun da UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Bakatsine kuwa yana da dalilin zuwa ƙasar da ya fi wannan ƙarfi. Ɗalibin da ke gurfane gaban malam a zaure a Kusada ko Kankiya, yana biya Risala baƙi da fassara, littafin mutumin Ƙairawan yake karantawa, wato Ibn Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996. A birnin ne kuma Sahnun mai Mudawwana ya yi alƙalanci har rasuwarsa a 854. Uƙba bin Nafi'u ya kafa garin a 670, babban masallacinsa yana nan da hasumiyarsa mai hawa uku. Fiƙihun Malikiyya da ake ɗaura aure da raba gado da shi a ƙasar Katsina, can aka tsara babban sashensa.

Ba littattafai kaɗai suka bi hanyar ba. Ayarin raƙuma ya haɗa Katsina da Kano da Gadamas, daga nan zuwa Tarabulus da Tunis, ɗauke da ƙirgi da rinannun tufafi, da kuma bayi. Sarkin Tunis Ahmad Bey ya haramta bauta a 1846, zuriyar waɗanda aka kai kuwa suka zauna. Kiɗan sitambali na Tunis ɗan'uwan bori ne, har Baturen nan Tremearne ya tarar da Hausawa suna hawan iska a can, ya fitar da littafi a kansu a 1914.

Wani zai ce mai kuɗin jirgi ai gara ya tafi Umra. Ba a ja da wannan, sai dai ziyarar tushen ilimi ba kishiyar ibada ba ce. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na 2023: bayan jawabin Shugaba Kais Saied kan baƙin haure a watan Fabrairu, an kori baƙaƙen fata daga gidajen haya, daga baya aka kwashe wasu daga Safaƙus zuwa hamadar kan iyakar Libiya. Dole matafiyi ya san haka, takardunsa su cika kafin ya tashi. Amma masu kallon baƙar fata a matsayin baƙon jiya, tarihin ƙasarsu ne ke ƙaryata su: sanannen gidan masu sitambali a Tunis, Dar Barnu, daga Barno ya samo sunansa.