Asalin Majami'ar Waliyyi Toma ta Filadalfiya

Majami'ar Waliyyi Toma da ke birnin Filadalfiya, a jihar Fensilbaniya, ita ce ikkilisiya ta farko da baƙaƙen fata suka kafa cikin ɗarikar Efiskofal a ƙasar Amurka. Efiskofal reshe ne na Angilikan, ɗarikar da aka sani a Nijeriya. Tushensu ɗaya ne a Ingila, sai dai bayan Amurka ta sami 'yancin kai Angilikan ɗin can suka ware, suka naɗa nasu bishof-bishof.

Labarin wannan majami'a ba ya rabuwa da na Absalom Jones. An haife shi cikin bauta a Delawa a shekarar 1746. Yana da shekara goma sha shida aka sayar da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa, shi kuma aka tafi da shi Filadalfiya, inda ya yi aiki a kantin ubangidansa, Benjamin Wynkoop. Tun yana yaro yake tara ɗan abin da ake ba shi kyauta, da shi ya sayi littafin koyon karatu da Sabon Alkawari. A 1770 ya auri Mary King, ita ma baiwa. Da ya fara tara kuɗin fansa, matarsa ya fara fansa kafin kansa, don a dokar lokacin ɗa yana bin matsayin uwarsa: in uwa baiwa ce, duk abin da ta haifa bawa ne. Da wannan ya tsare 'ya'yansa, shi kuwa ya ci gaba da zama a hannun wani har 1784, shekarar da aka 'yanta shi.

A cocin Metodis na Waliyyi Joji ne Jones yake sujada, tare da abokinsa Richard Allen, wanda shi ma tsohon bawa ne. Su biyun suna wa'azi ga baƙaƙen fata, jama'a kuwa ta yi ta ƙaruwa. A watan Afirilu na 1787 suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta 'yantattun 'yan Afirka. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba kuɗi duk wata, a taimaki marasa lafiya da matan da mazansu suka rasu da marayu, a kuma binne matattu cikin mutunci.

Yawan baƙaƙen fata ya dami shugabannin cocin, sai suka ware musu wurin zama a bene. Wata Lahadi ana cikin addu'a, Jones yana durƙushe, wani daga cikin dattawan cocin ya zo ya kama shi yana ƙoƙarin tayar da shi, wai ba nan ne wurinsa ba. Jones ya roƙa a bari a idar da addu'a tukuna. Ana idarwa, shi da Allen da sauran 'yan'uwansu suka miƙe suka fice tare.

Daga nan maganar gina tasu majami'a ta ƙara ƙarfi. Sun soma shirin, suka sami fili a kan titi na biyar, kusa da ginin da aka sa hannu a takardar 'yancin Amurka. Likita Benjamin Rush ya taya su neman gudummawa. A watan Agusta na 1793, da aka ɗora rufi, aka yi walima: baƙaƙe suka fara yi wa Turawan da suka yi aikin gini hidima, sa'an nan su ma suka zauna Turawa suka yi musu hidima.

A cikin watan nan ne shawara mai kisa ta auka wa birnin. Cikin mutum kamar dubu hamsin, wajen dubu biyar suka rasu, masu hali kuwa suka gudu ƙauyuka. Rush ya zaci cutar ba ta kama baƙar fata, don haka ya nemi taimakonsu. Jones da Allen suka tara mutanensu, suka shiga gidajen da kowa ke gudu, suna jinya suna ɗaukar gawa. Zaton likitan bai zama gaskiya ba, da yawa cikinsu sun kamu sun mutu, Allen kansa ya kwanta. Duk da haka wani mai buga littattafai, Mathew Carey, ya zarge su da tsawwala kuɗi da sata a gidajen marasa lafiya. A 1794 Jones da Allen suka buga ɗan littafi na amsa, suka jera abin da suka karɓa da abin da suka kashe, suka nuna asara ma suka yi. Magajin garin, Matthew Clarkson, ya ba da shaida a kan kyawun aikinsu.

An keɓe ginin majami'ar ranar 17 ga Yuli, 1794. Da aka zo zaɓen ɗarika, yawancin jama'a suka ƙi Metodis saboda abin da aka yi musu, suka zaɓi Efiskofal. Allen ya ce shi ba zai bar Metodis ba, ya tafi ya kafa majami'ar Betel, wadda daga baya, a 1816, ta haifi ɗarika mai zaman kanta. Jones ya karɓi jagorancin Waliyyi Toma. Jama'arsa sun gindaya sharuɗɗa uku kafin su shiga: a karɓe su a matsayin ikkilisiya guda, a bar musu ikon tafiyar da al'amuransu, a kuma ba Jones izinin jan sujada, in ya cancanta a naɗa shi. Bishof William White ya naɗa shi dikon a 1795, ya naɗa shi firist a 1802. Shi ne baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar.

Naɗin bai zo a banza ba. Ƙa'ida ta ce sai wanda ya san Girkanci da Latin ake naɗawa. Aka ɗauke wa Jones wannan, amma da sharaɗin cewa majami'arsa ba za ta aika limami ko wakili babban taron dayosis ba. Wato an karɓe su, an kuma hana su baki a inda ake yanke shawara. Wannan tabo ne a tarihin ɗarikar, kuma ya daɗe.

Jones bai tsaya ga bagade kaɗai ba. Ya buɗe makaranta, ya sa hannu a koken da aka kai majalisar dokokin ƙasa a kan cinikin bayi da dokar kama bayin da suka tsere. Ranar 1 ga Janairu, 1808, ranar da dokar hana shigo da bayi daga Afirka ta fara aiki, ya yi wa'azin godiya wanda aka buga ya bazu. Ya rasu ranar 13 ga Fabrairu, 1818, kuma a wannan rana ce ɗarikar Efiskofal take tunawa da shi kowace shekara.

Bayansa majami'ar ta yi shekaru tana dogara da limamai Turawa, har William Douglass, mutumin Baltimo, ya zo a 1834. Ya riƙe ta kusan shekara ashirin da takwas, ya rubuta tarihinta, ya yi ta neman a janye tsohon sharaɗin nan. Ya rasu a 1862. Sai a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, aka ba wakilan Waliyyi Toma kujera da ƙuri'a.

Cikin 'ya'yan ikkilisiyar akwai James Forten, attajirin mai ɗinka filafilan jiragen ruwa wanda ya kashe dukiyarsa wajen yaƙi da bauta, da malamin makaranta Octavius Catto, wanda aka harbe ranar zaɓe a watan Oktoba na 1871. Majami'ar ta yi ƙaura sau da dama tana bin jama'arta zuwa yammacin birnin. Yau tana kan titin Lancaster, inda aka keɓe wani ɗakin sujada da sunan Absalom Jones.