Tsutsar cikin tumaki: yadda Turawa suka gaji da canza magani suka koma wa ɓawo da ganye

1/ Wanda ya taɓa turke rago don Sallah ya san wannan: rago na cin dusa da harawa amma sai ramewa yake, ka buɗe fatar idonsa ka ga fari fat, ƙasan haɓarsa ya kumbura. Sau da yawa tsutsar ciki ce. Zaren yau tarihin yaƙi da ita ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Babbar mai laifin sunanta Haemonchus contortus. Siririya ce kamar zare, tsawonta bai wuce santimita 3 ba. Tana maƙalewa a ɗaki na huɗu na cikin dabba tana shan jini. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan ya fita da kashi, ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su hau ciyawa, wata tunkiya ta kiwace su. Shi ya sa damina ce lokacinta.

3/ A farkon ƙarni na 20, abin da ake ɗura wa tumaki a Amurka da Afirka ta Kudu guba ce zalla: ruwan sinadarin tagulla, ruwan nikotin na taba, har da asinik. Hannu ya ɗan zarce, tunkiya ta riga tsutsar mutuwa.

4/ Wajen 1940 aka samu fenotayazin, aka ce an huta. A 1957 masu bincike a jihar Kentucky ta Amurka suka ba da rahoton tsutsar da ba ta jin sa.

A 1961 kamfanin Merck ya fito da tayabendazol, kakan albendazol ɗin nan da ake sayarwa a kasuwar dabbobi. Shekara 3 kacal, a 1964, aka samu tsutsar da ta fi ƙarfinsa.

5/ Sai ibamektin a 1981, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa kusa da filin wasan golf a Japan. Shi da William Campbell sun ci kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Maganin ne kuma ake raba wa mutane don makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa. Amma kafin 1990 tumakin Afirka ta Kudu sun riga sun kamu da tsutsar da ta raina shi.

6/ Wani sabo, monepantel, ya shigo kasuwa a 2009. A 2013 aka ga ya gaza a wata gona a New Zealand.

7/ Me ke faruwa? Ba wai tsutsa ɗaya ce ke "sabawa" da magani ba fa. A cikin dubu akwai ƴan ƙalilan da halittarsu ta jure. Ka ɗura wa garke gaba ɗaya, raunanan su mutu, masu taurin ran su rage, su ne za su cika makiyaya da ƙwai. Ka ba da rabin ƙwaya don tsimi, ko ka yi kintacen nauyin dabba da ido, to ka taya su aiki. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu haka muke yi.

8/ Yanzu ga inda labarin ya juya. A shekarun 1990 masu bincike a New Zealand suka lura ƴan tumakin da ke kiwo a kan wani tsiro mai suna sulla sun fi girma, kuma ƙwan tsutsa a kashinsu ya fi kaɗan, idan aka kwatanta da masu cin lusan. Bambancin tsiron biyu shi ne tanin.

9/ Tanin shi ne baurin nan da ke kama maka baki in ka ciji ɗanyar ayaba ko goro. Kuma ba baƙo ba ne a gare mu: shi ne abin da majema ke nema a cikin bagaruwa. Sunan ma daga kalmar jima ya fito a Turanci. Aikinsa kama furotin ya ɗaure shi. Abin da yake yi wa fata a rijiyar jima, kwatankwacinsa yake yi wa jikin tsutsa.

10/ Ƴar tsutsar da dabba ta haɗiya tana cikin wata riga ce, sai ta tuɓe ta kafin ta kama ciki. Tanin na hana tuɓewar. Manyan kuma yana rage musu zuba ƙwai. Sannan yana kare furotin ɗin abinci daga narkewa a tumbi, ya isa hanji, dabba ta samu ƙarfin kare kanta.

11/ Daga nan kowa ya duba abin da ke gidansa. A Faransa, sainfoin, tsohuwar ciyawar da manoma suka yi watsi da ita. A jihar Jojiya ta Amurka, Jami'ar Fort Valley ta gwada sericea lespedeza a kan awaki, tsiron da wasu jihohi suka sa a jerin muguwar ciyawa. A Biyetnam da Kambodiya, ganyen rogo.

12/ Amma ba kowa ke da filin shuka ciyawa ta musamman ba. Sai hankali ya koma kan sharar masana'antu: tukar inabi bayan an matse, ɓawon koko, ɓawon itacen pain, da jar fatar nan ta gyaɗa. Eh, wadda ake fecewa bayan suya kafin a yi ƙuli-ƙuli. Jami'ar Tuskegee a Alabama ta gwada ta a abincin awaki.

13/ Kar wani ya ɗauki zaren nan ya je ya cika wa ragonsa kwano da bagaruwa. Tanin in ya yi yawa dabba na rage cin abinci, abin da ta ci ma ba ya narkewa da kyau. Tumaki ba su kai awaki jure shi ba. Kuma ba ya share tsutsa kamar allura, rage ta yake, ka daina bayarwa ƙwan ya sake hawa. Ragon da idonsa ya riga ya yi fari likitan dabbobi yake buƙata yau, ba ɓawon gyaɗa ba.

14/ Shi ya sa ake haɗa shi da wata dabara da ta fito daga Afirka ta Kudu a shekarun 1990, katin FAMACHA, daga sunan likitan dabbobi Faffa Malan. Launi 5 ne a jiki, daga ja zuwa fari. Ka ja fatar ido ƙasa, ka kwatanta, ka ba mai buƙata kaɗai magani. Sauran a bar su da ƴar tsutsarsu mai jin magani, don jininta ya riƙa tsarma na masu taurin kai.