Duwatsun Azbin da Ƙasusuwan Tenere: Tarihin Taskar da Ta Bar Gida

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa, domin kafin 1969 babu komai a wurin sai filin da makiyaya ke ratsawa a yammacin tsaunukan Azbin, kuma kamfanin SOMAÏR, wanda aka kafa a 1968, shi ne ya shata titunan garin ya gina gidajen ma'aikata kafin ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Sai dai sha'anin tonon ƙasa a wannan yanki ya girmi Arlit da ƙarnuka masu yawa. A Azelik, kusa da Tigiddan Tesum inda har yanzu ake yin gishiri, masu binciken kufai sun tarar da alamun narkar da jan ƙarfe, kuma galibin masana tarihi na ganin nan ne Takedda, garin da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, ya kuma ba da labarin yadda ake zuba jan ƙarfensa sanduna-sanduna, ana ciniki da su a kasuwa, ana kai su har Gobir da Borno. Jan ƙarfen nan ne Faransawa masu nazarin duwatsu suka je nema a Azelik a 1957, sai suka ci karo da yuraniyom, daga nan kuma hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wadda ake kira CEA a taƙaice, ta baza jami'anta cikin hamada.

Dalilin da ya sa masu neman ma'adini suka zama masu tsintar ƙashi yana cikin ƙasar kanta. Yankin da ke kewaye da Azbin ta yamma da kudu wani makeken kwari ne da koguna suka yi ta cikawa da yashi da laka tsawon miliyoyin shekaru, har suka danƙare suka zama dutse hawa-hawa. Masana sun bayyana cewa ruwa ne ya wanko yuraniyom daga duwatsun Azbin ya ratsa da shi cikin wannan yashi, kuma duk inda ya tarar da ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye sai ma'adinin ya kwanta ya taru, shi ya sa ake samunsa a Arlit da Akuta cikin shimfiɗun da suka haura shekara miliyan 300. Irin waɗannan koguna ne kuma, a wani zamani na baya-baya, suka binne gawarwakin dabbobi, ma'adinai suka maye gurbin ƙasusuwansu sannu a hankali har suka zama dutse ba tare da siffarsu ta sauya ba.

A 1964 jami'an CEA suka tsinci ƙoƙon kan wani kada kusan cikakke a Gadufawa, wani fage na Tenere da ke kudu maso gabashin Azbin, inda iska ta share yashi ta bar ƙasusuwa a fili, gaɓoɓin ƙashin baya jere da juna kamar jiya dabbar ta kwanta. Aka aika kan zuwa Paris, kuma a 1966 France de Broin da Philippe Taquet suka raɗa masa suna Sarcosuchus imperator, kadan da tsawon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Taquet ya isa Gadufawa a 1965, yana matashi, bisa gayyatar masu neman yuraniyom ɗin, kuma a can ya gano wata dabba mai cin ganye daga dangin dainaso, wato manyan halittu masu rarrafe da suka ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Dabbar, mai dogayen ƙasusuwa tsaye a gadon baya, ta sami suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, kuma an ƙiyasta cewa ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka shuɗe, lokacin da wurin yake dausayi mai koguna da manyan kifaye.

Daga nan taskar ta rarrabu. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya sami kasonsa, domin a can ake nuna ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus da na kadan Gadufawa, kuma akwai zaure na musamman da aka keɓe wa yuraniyom. Wani ƙwarangwal na Ouranosaurus yana gidan tarihin halittu na birnin Banis a Italiya tun bayan tafiyar da Giancarlo Ligabue ya yi tare da Taquet a 1973. Daga 1993 Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya shiga fagen, tawagarsa ta tono wasu dainaso, Jobaria a yankin Ingal da Suchomimus a Gadufawa, ta kuma bayyana Nigersaurus taqueti a 1999, dabba mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, sannan a 2000 ta gano makabartar Gobero, inda mutanen da suka rayu a bakin tafki dubban shekaru da suka wuce suke kwance tare da ƙugiyoyin kamun kifinsu. Yawancin waɗannan an kai su Amurka domin a tsabtace su a yi nazari, bisa alkawarin mayar da su, kuma a ƙarƙashin shirin NigerHeritage an zana gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas. Nijar ta kafa dokar kare kayan gadonta a 1997, amma doka ba ta wadatar ba idan babu ɗakin ajiya da ƙwararrun da za su kula da shi.

Abin takaici a wannan tarihi shi ne rabon mutanen da aka tono kayan a ƙasarsu. Abzinawan da suka yi wa tawagogi jagora, waɗanda suka san inda ƙashi yake tun kafin a zana taswira, ba kasafai ake tunawa da su ba, kuma ɗalibin da aka haifa a Arlit, wanda mahaifinsa ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin Akuta mai zurfin mita 250, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Yamai kafin ya ga dutsen garinsu cikin akwatin gilashi da bayani a ƙasansa. Kamfanin COMINAK, wanda ya fara haƙa a Akuta a 1978, ya rufe ramin a ƙarshen watan Maris na 2021, gwamnatin Nijar kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a 2025, kuma a irin wannan lokaci na sauyin hannu ne kayan tarihi suka fi saurin salwanta. Idan aka gina ƙaramin gidan tarihi a Arlit, ba zai rasa abin nunawa ba, domin akwai sandunan dutse da injin haƙa ya zaro daga ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke nuna shimfiɗun zamani ɗaya bayan ɗaya, akwai kuzar El Meki da kwal ɗin Anu Araren da gishirin Tigidda, akwai fitilu da hulunan kwano na ma'aikatan rami, akwai kuma tsofaffin ma'aikatan da ke raye a garuruwan Arlit da Akokan, waɗanda za su iya faɗin yadda aka yi aikin da irin abin da ƙurarsa ta yi wa lafiyarsu.