Shayarwa a Matsayin Hanyar Tazarar Haihuwa

Shayar da jariri nono zalla hanya ce ta jinkirta ɗaukar ciki bayan haihuwa, domin yawan tsotso yana hana jikin uwa sakin ƙwan haihuwa. A taron Bellagio, Italiya, a 1988, masana sun amince cewa kariyarta ta haura kashi 98 cikin 100, muddin jariri bai cika wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono kaɗai yake sha dare da rana. Nan ake yawan yin sake: ɗura masa ruwa ko koko yana rage tsotso, sai a yi kwanika. Nono zalla kuma yana kare jariri daga gudawa da ciwon huhu.