Tarihin Muguwar Iskar Da Ke Fitowa Daga Ƙarƙashin Ɗaki

Yau za mu ba ku tarihin wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana iya kashe mutum a cikin ɗakinsa. Sunanta radon. Muna roƙon magidanta da magina na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo su kasa kunne, gama maganar ta shafi irin ginin da a ke yi yanzu.

Labarin ya faro daga duwatsun da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek, inda a ke haƙar azurfa tun da daɗewa. Masu shiga ramukan nan ba su tsufa. Saurayi ya fara tari, ya rame, numfashi ya gagare shi, sai mutuwa. Wani likita mai suna Agricola, wanda ya yi aiki a garin Joachimsthal, ya bayyana wahalar mahaƙa a littafinsa da aka buga a 1556. Bai san radon ba, amma ya lura iskar rami muguwa ce, har ya nuna yadda za a tura sabuwar iska ciki da manyan zugazugai irin na maƙera.

Sai a 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka tabbatar cutar mahaƙan Schneeberg ciwon dajin huhu ce. A 1898 Marie Curie da mijinta suka fid da wani sinadari mai suna radiyom daga duwatsun Joachimsthal. A 1900 kuma wani Bajamushe, Dorn, ya ga radiyom yana fid da wata iska. Ita ce radon.

Ga yadda abin ya ke. A cikin kowace ƙasa da kowane dutse akwai ɗan yuraniyom, wani wuri kaɗan, wani wuri da yawa. Yuraniyom yana rikiɗa a hankali ya zama radiyom, radiyom kuma ya zama radon. Da ya ke radon iska ce, sai ta bi ƙofofin ƙasa ta hau sama. A fili ba ta da wani lahani, don iskar Allah tana watsa ta nan da nan. Amma in ta shiga rufaffen wuri sai ta taru. Mutum ya shaƙe ta, burbushinta ya maƙale a huhu yana ƙona naman wurin kaɗan kaɗan. Bayan shekaru da yawa sai ciwo ya bayyana.

An daɗe ana tsammani wannan masifa ta masu shiga rami ce kaɗai. Amma a watan Disamba na 1984, a jihar Pennsylvania ta Amurka, wani injiniya ya zo aiki a sabuwar tashar lantarkin nukiliya ta Limerick, sai na'urar bincike ta yi ƙara a kansa. Da aka bi sawu, ashe daga gida ya ke zuwa da abin. An gina gidan bisa dutse mai yuraniyom. Da aka auna iskar ciki aka sami wajen bekarel 100,000 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Bekarel shi ne mudun awon wannan iska. Aka kwashe iyalin, aka gyara gidan, suka koma. Daga nan hukumomi suka farka. A 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa radon cikin abubuwan da lalle su ke kawo cutar. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ƙoƙari kada iskar gida ta wuce bekarel 100, in ya gagara kuwa kada ta haura 300. Ta ce bayan taba, radon na cikin manyan masu kawo ciwon dajin huhu, daga kashi 3 zuwa 14 cikin 100, gwargwadon ƙasa.

Kada ku ce wannan zancen Turai ne. A arewacinmu, a ƙasar Nijar, an fara fid da yuraniyom a Arlit a 1971, a Akokan kuma a 1978, kuma Hausawa da yawa sun yi aiki can. An rufe ramin Akokan a 2021. A 2009 masu bincike sun sami duwatsun da aka zubar daga wurin haƙa a kan titunan garin, suna fid da tururin da ya wuce ƙima. Darasin a fili ya ke: kada a kwashi tarkacen wurin haƙar ma'adini a yi ciko ko daɓe da shi.

To, mu dawo gida. Ƙasar da mu ke bisa, masana sun raɗa wa shimfiɗun duwatsunta sunayen garuruwanmu, akwai ta Wurno, akwai ta Taloka ta ƙasar Goronyo. Laka ce da rairayi da suka kwanta tun zamanin da teku ta rufe yankin nan. Wajen Dange da Shuni kuma akwai dutsen fosfat da a ke yin takin zamani da shi, irin dutsen nan kuwa ya kan ɗauki yuraniyom fiye da sauran. Amma fa ba a gane gida mai radon da ido. Gidaje biyu katanga ɗaya, wannan ya yi yawa, wancan babu. Awo ne kaɗai ke raba gardama.

Ku dubi yadda gininmu ya sake. Zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗi a Wurno har ya rasu can a 1837, da zamanin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a Rabah, gini na tubali ne da azara, ko ɗakin jinka. Ƙofa asabari ne ko tufaniya, iska tana shige da fice. Da bazara kowa a tsakar gida ya ke kwana. Yanzu kuwa ga bulo da siminti, ga silin, ga tagar gilashi da ƙofar ƙarfe. Wanda ya ga ambaliyar Rima ta watan Satumba 2010, sa'ad da gidajen ƙasa suka narke a ƙauyukan Goronyo da Wurno, ba zai ga laifin mai son bulo ba. Tsoron ɓarayi da sauro kuma ya sa ana kulle ko'ina da dare. Amma ɗakin da ba ya numfashi, abin da ya shiga ta tsagar daɓe ba ya fita. Haka kuma tsohon ɗakin ƙasa marar taga, in an toshe shi da hunturu.

Maganin bai sake ba tun zamanin Agricola, watau a ba muguwar iska hanyar fita. Mai sabon gini ya sa magini ya shimfiɗa tsakuwa kamar inci 4 kafin daɓe. A rufe ta da leda mai kauri, sa'an nan a zuba siminti. A kafa bututun roba mai faɗin inci 4, gindinsa cikin tsakuwar, kansa ya ɓullo bisa rufi, nesa da taga. A liƙe gefen bututun da duk inda daɓe ya sadu da bango. Wannan kaɗai ya kan rage radon da wajen rabi. In awo ya nuna bai isa ba, sai a ɗaura ƙaramar fanka a bututun, a wajen ɗaki, ta riƙa zuƙo iskar dare da rana. Inda wuta ba ta tsayawa, sola da batir sun isa.

Mai tsohon gida kuwa ya toshe tsagogin daɓe, ya fasa taga biyu masu duban juna, ya sa musu ƙarfe da raga don ya iya barinsu a buɗe. Abin awon ɗan ƙarami ne, ana ajiye shi a ɗakin kwana wata 3, kāna a kai shi wurin masana. Ana iya neman bayani a Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Bayan gyara a sake awo.

Abu na ƙarshe, ku masu shan taba. Haɗarin radon gare ku ya ninka na wanda ba ya sha wajen sau 25. Barin taba shi ne gyara mafi araha.

Mahaƙan nan na dā sun mutu ba su san abin da ya ci su ba. Mu kuwa an gaya mana. Kuɗin bututu da tsakuwa bai kai na jinya ba, riga-kafi kuwa ya fi magani. Kafin ka zuba daɓe, maigida, ka zauna da magininka ku yi wannan magana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.